Tulunan Rumawa a Barikin Vindolanda: Me Aka Zuba a Ciki, Kuma Wa Ya Ci?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, na ga hotunan wasu manyan tuluna masu hannu biyu, wasu gindinsu a tsire kamar ƙaho, an ce a barikin sojan Rumawa da ke arewacin Ingila aka tono su. Me ake zubawa a ciki? Ta yaya tulun da ba ya iya tsayuwa da gindinsa zai yi amfani? Kuma da gaske ne sojan da ke can bakin iyaka yana cin irin abincin mutanen birnin Rum?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Abin da ka gani sunansa amfora, kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ake ɗauka ta ɓangare biyu. Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne randar tsakar gida, wadda ake girkewa a inuwa ta shekara goma ba ta motsa ba. Amfora ta fi kusa da jarkar manja, wadda ake cikawa a kudu, a toshe bakinta, a loda a mota ta yi kwanaki a hanya. Don tafiya aka gina ta. Tsinin gindin ma saboda tafiyar ne. A cikin jirgin ruwa ana jera su sahu bisa sahu, tsinin na sama ya shige tsakanin wuyan na ƙasa, a cusa ciyawa da rassa a tsakani, sai duk kayan su kama juna ko igiyar ruwa ta yi yaya. Gindi mai faɗi shi ne wurin da tukunya ta fi saurin tsagewa idan aka dire ta da nauyi, shi kuwa tsini dunƙulen yumɓu ne mai jure duka. Kuma idan za a tsiyaye abin da ke ciki, tsinin ya zama hannu na uku. In an iso tudu sai a jingina ta da bango ko a kafa ta cikin rairayi.

Zan tsaya a bariki guda, Vindolanda, domin a duk barikokin arewacin daular shi ne ya fi ba mu damar gwada maganar tukwane da maganar mutanen da suka yi amfani da su. Yana yankin Northumberland na yau. An fara gina shi da katako da ƙasa wajen shekara ta 85 Miladiyya, a kan hanyar da ta haɗa Corbridge da Carlisle, wato kusan shekara 40 kafin Sarki Hadrian ya sa a fara ganuwarsa a 122, ganuwar da ta ratsa tsibirin daga teku zuwa teku tsawon kusan kilomita 117. Sau tara ana gina bariki a wurin, wani bisa wani. Duk lokacin da za a sake gini sai a rushe tsohon, a shimfiɗa yumɓu da ƙasa a kansa, iska ta daina shiga. Abin da ya kamata ya ruɓe sai ya zauna: takalman fata, tufafi, duwatsun niƙa da itacen hannunsu, har da wasiƙu. A 1973 Robin Birley ya tsinci wasu siraran itace guda biyu manne da juna, ya ɓamɓare, ya ga rubutu. Alluna ne ƙanana, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, kaurinsu milimita 1 zuwa 3, an rubuta su da tawadar da aka haɗa da baƙin hayaƙi da ƙaro da ruwa, haɗin da duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya sani. Yanzu sun haura dubu, yawancinsu daga shekarun 90 zuwa 120.

Mu dawo kan tulun. Idan ka zube katangar amfora da aka tono a barikin nan bisa tebur, wadda za ta rinjayi saura ita ce wadda masana ke kira Dressel 20, daga sunan Bajamushen nan Heinrich Dressel da ya jera nau'o'in amfora ya ba su lamba a 1899. Ita ba ta da dogon tsini, ɗan kumburi ne kawai a ƙasa. Ƙatuwa ce mai zagayayyen ciki kamar babbar ƙwarya biyu da aka kife, gajeren wuya, hannuwa masu kauri. Ranar da na fara riƙe hannun irin wannan tulu na yi mamakin nauyinsa. Ya cika min tafi kamar taɓarya, yumɓun launin ƙasa-ƙasa, da tsakuwa-tsakuwa mai kartar yatsa, kuma a samansa akwai wani ɗan hatimi mai kusurwa huɗu da haruffa uku, wanda aka danna tun yumɓun yana ɗanye. A wurin da hannun ya haɗu da jikin tulun ana ganin inda magini ya murza da babban yatsansa. Tulun ba komai a ciki nauyinsa kusan kilo 30 ne. Man da yake ɗauka kusan kilo 70. Cikakke dai buhun masara ne, kilo 100, sai mutum biyu sun rataya shi a sanda.

Man zaitun ne a ciki, kuma mun san daga inda ya fito. Lardin Betika ne, wato yankin kudancin Sifen da daga baya aka kira Andalus, a kwarin kogin da Larabawa suka raɗa wa Wadil Kabir, tsakanin Ƙurɗuba da Ishbiliya. An gano gommai na wuraren gashin tukwane jere a gaɓar kogin da reshensa na Genil, kuma hatimin da ke kan hannun tulu a Ingila sau da yawa ana iya mayar da shi zuwa ga takamaiman wurin da aka gasa shi. Ana kawo man daga gonaki cikin salka, a ɗura a bakin kogi, a toshe, a shafe toshiyar da farar ƙasa.

Abin da ya fi burge ni game da wannan tulu shi ne rubutun tawada da ake yi masa kafin ya tashi. A wuya ana rubuta nauyinsa ba komai a ciki. A ƙasa da wannan, sunan attajirin da ya yi fataucin. Sai nauyin man, wanda sau da yawa 216 ne a ma'aunin Rumawa, abin da ya yi daidai da kilo 70 da ɗan ɗori. Sannan a gefen hannu akwai rubutun jami'in da ya duba awon, da garin da aka duba, wani lokaci har da sunayen manyan hakiman Rum na wannan shekara, wanda da shi muke sanin shekarar. Yawancin abin da muka sani game da tsarin ya fito ne daga wani tsauni a birnin Rum mai suna Monte Testaccio, tsayinsa mita 35, kuma gaba ɗayansa fasassun tuluna ne, an ƙiyasta kusan miliyan 53, mafi yawansu irin wannan na Andalus. Yumɓun da ya sha mai yana yin wari idan ya daɗe, ga nauyi, don haka mayar da tulun gida asara ce. Sai a juye man, a fasa tulun, a jera katangar, a barbaɗa farar ƙasa don kashe warin.

Ta wace hanya tulun ya iso arewacin Ingila, nan masana suka rabu. Wasu sun ce ta Tekun Atlantika, a zagaye gaɓar Fotugal da Faransa. Wasu sun ce ta Bahar Rum zuwa kogin Rhone, a haura, a tsallaka ta tudu zuwa Rhine, sannan a ƙetaro. Akwai kuma tsohuwar muhawara kan wanda ya tura kayan. José Remesal Rodríguez, wanda ya yi shekaru yana tono a Monte Testaccio, yana ganin hukuma ce ta tsara kai wa sojoji mai. Wasu suna ganin 'yan kasuwa ne kawai suka bi inda albashi yake. Ni na fi karkata ga cewa hannun hukuma yana ciki, saboda yawan wannan tulu a barikoki ya zarce na ƙauyukan da ke kewaye da su nesa ba kusa ba, amma wasiƙun Vindolanda cike suke da fatake masu cin gashin kansu, don haka ba zan kore su ba. Ko ta ina ya biyo, ƙarshen tafiyar a keken shanu ne, kuma ba sauƙi. Wani ɗan kasuwa mai suna Octavius ya rubuta wa abokinsa Candidus cewa yana da fatu a Catterick, da tuni ya je ya ɗauko, amma ba ya son ya wahalar da dabbobi alhali hanyoyi sun lalace. A wannan wasiƙar ya ce ya sayi hatsi kusan mudu 5,000 na Rumawa, ya ba da kafin alƙalami, kuma in ba a aiko masa da aƙalla dinariyus 500, kuɗinsu na azurfa, ba zai yi asarar abin da ya bayar ya kuma ji kunya. Duk wanda ya taɓa harkar hatsi ya san wannan ciwon kai.

Masu tsinin da ka gani a hoto galibi na giyar inabi ne ko na romon kifi. Na inabi daga Italiya dogaye ne sirara, ana shafe cikinsu da dafaffen ƙaron bishiya mai baƙi kamar kwalta don kada yumɓu ya tsotse abin da ke ciki. Na mai ba a shafa musu, domin mai yana narkar da shi, kuma wannan bambanci yana taimaka mana idan muka tsinci katanga ba rubutu. A zamanin da muke magana, giyar kudancin Faransa ta fara ture ta Italiya a arewa, tana zuwa cikin wani tulu da yumɓunsa ba kauri, mai ɗan gindi mai faɗi, mara nauyi, wanda ya dace da kwale-kwalen kogi da keke.

Romon kifin kuwa, wanda suke kira garum ko muriya, shi ne daddawarsu. Ana zuba ƙananan kifi da kayan cikin manya a cikin kwarmin dutse, a danne da gishiri, a bar su a rana wata biyu ko uku, sai a tace ruwan. Ɗan kaɗan ake zubawa a miya ya tashi ɗanɗano. Masana'antunsa suna jere a gaɓar kudancin Sifen da arewacin Maroko, kuma har yau ana ganin kwarmin a kufan Baelo Claudia. A Carlisle, ƙarshen yamma na hanyar da Vindolanda ke kai, an tono katangar tulu da rubutun da ke tallata abin da ke ciki a matsayin tsohon haɗin kifi daga Tanja, mai daraja ta ɗaya. Tanjar nan dai ta Ibn Baɗɗuɗa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tulu mai kama da karas, jikinsa gurgu-gurgu, wanda ke zuwa daga gabashin Bahar Rum da dabino ko busassun 'ya'yan itace. A bakin kogin Thames an tsamo wata amfora da ƙwallayen zaitun fiye da 6,000 a cikinta.

To, a nan ne nake son ka yi hattara, domin nan ne tambayarka ta uku take, kuma nan ne mutane da yawa suke zamewa. Wanda ya kalli tukwane kaɗai zai ce sojan Vindolanda man zaitun yake sha, giyar inabi yake kurɓa, dabino yake taunawa. Amma gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa, buhu da kwando da salka da ganga kuwa suna ruɓewa. Abin da ya zo cikin tulu ya bar shaida mai shekara 2,000, abin da ya zo cikin buhu ya tafi ba sawu. A yawancin barikoki ba mu da abin da za mu gyara wannan karkata da shi. A Vindolanda muna da shi.

Fara da su wane ne mutanen. Ba 'yan birnin Rum ba ne. Sojojin taimako ne, waɗanda ake ɗauka daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, su yi shekara 25 sannan a ba su 'yancin zama 'yan ƙasa. Bataliya ta ɗaya ta Tungriyawa daga Beljiyam ta yau take, ta tara ta Batawiyawa kuwa daga bakin kogin Rhine a Holan. Mutanen kitse ne da madara da giyar hatsi, daga ƙasar da zaitun ba ya fitowa. Wani rahoto na ranar 18 ga Mayu, lokacin kwamanda Julius Verecundus, ya nuna bataliyar Tungriyawa tana da mutum 752, amma 456 ba sa nan, 337 daga cikinsu suna Corbridge. Cikin 296 da suka rage, 15 ba su da lafiya, 6 sun ji rauni, 10 suna fama da ciwon ido.

Abin da ke riƙe da cikin waɗannan mutane hatsi ne. Idan muka ɗauki ma'aunin da marubucin tarihi Polybius ya bayar tun ƙarni na 2 kafin Miladiyya, sojan ƙasa yana karɓar alkama kusan kilo 27 a wata. Mutum 752 ke nan suna buƙatar tan 20, buhu 200 masu kilo ɗari, kowane wata, ban da sha'ir na dawaki da alfadarai. Ko ƙwaya ɗaya ba a cikin amfora ta zo ba. A rumbu ake ajiye shi, kuma rumbun bariki gini ne da aka yi wa tunani sosai. Daɓensa a ɗage yake bisa ginshiƙai don iska ta ratsa ta ƙasa, bangonsa da tagogi sirara, rufinsa ya zarto don ruwan sama ya zuba nesa da gindi. Dabarar da ta sa manominmu yake ɗora rumbunsa bisa duwatsu ita ce dai. Har yau ana ganin ginshiƙan a barikin Housesteads. Rumawa suna da tasu randar ta gaske, doliyum, wadda ake binnewa har wuya a gidajen gona na Italiya, amma ba kasafai ake cin karo da ita a barikokin arewa ba.

Ma'aunin hatsin sunansa modiyus, kusan lita 8 da rabi da ɗori. Masana harshe da yawa suna danganta mudd na Larabci da wannan kalma, kuma daga mudd muka samo mudu. A 1915 an tono wani mudun tagulla kusa da barikin Carvoran, ba nisa da Vindolanda, daga zamanin Sarki Domitian. Rubutun jikinsa ya faɗi abin da yake ci, amma da aka gwada sai ya ci fiye da haka. Wasu sun ce da shi ake cutar manoman da ke kawo harajin hatsi, wasu sun ce akwai wata alama ta cikawa a cikinsa da ta ɓace.

Babu babban ɗakin girki a bariki. Mutum takwas ne a ɗaki, su ke niƙa rabonsu a dutsen hannu, su dama fate ko su kai ƙullu tanderun da aka gina a jikin ganuwar bariki, nesa da ɗakunan katako saboda gobara. Tukunyar da suke ɗorawa a wuta, musamman bayan an fara ganuwar Hadrian, baƙa ce ginin hannu da aka goge ta yi sheƙi, daga Dorset can ƙarshen kudancin tsibirin. Kusa da ita akwai wani kasko mai kauri da baki na tsiyaya, an dasa tsakuwa a cikinsa, a nan ake murje ganye da kayan yaji. Shi wannan kasko a wurina ya fi amfora nuna cewa girki ya canza, domin yana cikin ɗakin ƙaramin soja, kuma za ka ga tsakuwar ta side saboda aiki, wani har gindin ya huje. Akwai kuma jajayen akussa masu ƙyalli daga Faransa, waɗanda sojoji ke karce sunansu a gindi don kada na ɗaki ya ɗauke.

Abin sha fa? Wani shugaban mahaya mai suna Masclus, yana can wani wuri da mutanensa, ya rubuta wa kwamanda Flavius Cerialis yana tambayar abin da za su yi gobe, su dawo duka ne ko rabi. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: abokan aiki ba su da giya, don Allah a sa a aiko. Kalmar da ya yi amfani da ita, cervesa, giyar hatsi ce irin ta mutanen arewa, dangin burkutu. Allunan sun ambaci mai dafa ta, wani Atrectus. Wani lissafi na shekara ta 110 zuwa 111 ya nuna an sayi ma'auni guda da ya haura lita 30 a kan rabin dinariyus, alhali a wani lissafin an kashe dinariyus 2 a kan masoro, wanda daga Indiya yake zuwa. Dinariyus kuɗin azurfa ne, kuma daga sunansa kalmar dinari ta samo asali. Wannan giya a ganga da bokitin katako take yawo. An tono ɓallin ganguna a Vindolanda, wasu na itacen da ba ya tsiro a Birtaniya, sai a tsaunukan tsakiyar Turai, abin da ke nuna cewa ko abin sha na ƙetare ma wani kaso nasa a ganga ya zo. Ganga guda tana iya cin abin da amfora 20 ko 30 za su ci. A barikin da ƙasarsa ba ta riƙe itace ba, duk wannan ya ɓace daga lissafi.

Shin wa ya ci abin da ke cikin tulunan? Gidan kwamanda ne kan gaba. Akwai takardar cefane da aka aika wa wani bawa na gidan Verecundus: barzajjen wake mudu 2, kaji 20, tuffa 100 in an sami masu kyau, ƙwai 100 ko 200 in farashin ya yi daidai, romon kifi ma'auni 8, zaitun mudu 1. Duba yadda abubuwa biyu na ƙarshe, waɗanda su ne na tulu, suka zo tare da kaji da ƙwai na ƙauyen da ke kusa. Wani lissafin na kwanakin watan Yuni ya jera sha'ir, giyar hatsi, giyar inabi, ruwan tsami na inabi, romon kifi da kitsen alade. A gidan kwamanda ne kuma Sulpicia Lepidina, matar Cerialis, ta karɓi gayyatar ƙawarta Claudia Severa zuwa bikin ranar haihuwarta, 11 ga Satumba, inda Severa ta ƙara gaisuwa a ƙasa da hannunta, ɗaya daga cikin mafi tsufan rubutun Latin na mace da aka sani.

Amma ba zan ce ƙaramin soja bai taɓa man ba. Katangar Dressel 20 tana fitowa a ɗakunan sojoji, a ƙauyen da ke bakin ƙofar bariki, har a ƙananan hasumiyoyin tsaro da ke kan ganuwa inda mutum kaɗan ke kwana. Sai dai ba duka ne ya shiga miya ba. Rumawa ba da sabulu suke wanka ba. Mutum ya shiga ɗakin zafi ya yi gumi, ya shafe jiki da mai, ya kankare da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Vindolanda tana da gidan wanka tun farkon zamaninta, kuma wani allo ya nuna mutum 18 da aka tura aikin gininsa a rana guda, cikin 343 da ke wuraren sana'a, 12 daga cikinsu dukawa masu ɗinkin takalma. Mai yana shiga magani, yana shiga gyaran fata da ƙarfe. Don haka amsar ita ce: sojan bakin iyaka ya san ɗanɗanon Rum, yana samunsa gwargwadon muƙaminsa da aljihunsa, amma tuwonsa na kullum daga gonakin Birtaniya yake, namansa shanu da tumaki da aladu na yankin, abin shansa na hatsi. Binciken da aka yi wa dattin masai a barikin Bearsden na Sukotlan ya nuna abincin ya fi karkata ga tsiro: alkama, sha'ir, wake, da 'ya'yan ɓaure da kayan ƙamshi da aka kawo daga nesa.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a ƙirga katanga a ce ga yawan man da aka sha a ɗaki kaza. A birnin Rum ana fasa tulun a yar, amma a bakin iyaka abu mai kauri irin wannan dukiya ne. Sai a yanke wuyan da hannuwan, a goge bakin, ya koma randar ruwa ko ma'ajiyar gari. Wasu muna ganin an karce musu sunan mai su da adadin mudun da suke ci, rubutun da aka yi bayan gashi, da bakin wuƙa. Wasu an kafa gindinsu a daɓe a lungu, ana kyautata zaton na fitsari ne. Wasu an zuba tokar mamaci a ciki an binne. Fasassun kuma sun shiga cikon hanya da magudanar ruwa, ƙananan an feƙe su sun zama marfi ko 'ya'yan dara. Tulun da aka tsinta a ɗakin ƙaramin soja yana iya yiwuwa a gidan kwamanda aka shanye man, shi gangar jikin kawai ya samu, kamar yadda jarkar da ke ɗakin ɗalibi ba ta nuna shi ya ci man da ya zo a cikinta.

Tun da mu mutanen bakin Sahara ne, bari in kai ka ɗaya ƙarshen daular, domin a can katangar amfora ta yi aikin da itace ya yi a Vindolanda. A Bu Njem, cikin hamadar Libiya, an gina bariki a shekara ta 201, zamanin Sarki Septimius Severus, wanda shi kansa haifaffen Leptis Magna ne a gaɓar Libiya kuma a York ta Ingila ya rasu a 211. Itace yana da wuya a can, sai magatakardan bariki suka riƙa rubutu da tawada a kan fasassun tuluna. An tono fiye da 140, yawancinsu na shekarun 250. Akwai rahoton kullum: mutum kaza a bakin ƙofa, kaza a tanderu, kaza a gidan wanka, kaza ba lafiya, duka-duka ba su cika 60 ba a yawancin ranaku. Akwai takardun rakiyar kaya da masu raƙuma ke kawowa da alkama, an auna ta da ma'aunan mutanen ƙasar, sannan an mayar da lissafin zuwa mudun Rumawa. Akwai kuma rahoton masu gadi cewa Garamantawa sun iso da sha'ir bisa alfadarai da jakuna.

Garamantawan nan su ne mutanen Fezzan, babban birninsu Jarma. A kaburburansu an sami amforar mai da ta giya daga gaɓar Libiya, waɗanda suka ƙetare ɗaruruwan kilomitoci na hamada a bayan dabba, kuma an tsinci katangarsu har a wani tsohon gari kusa da Ghat, zangon da fataken Kano suka sani sarai a ƙarnonin baya. An bar barikin Bu Njem jim kaɗan bayan shekara ta 260. Kusan a daidai wannan lokaci ne maginan Andalus suka daina gina ƙaton tulun nan mai kilo 30, suka koma wani ƙarami, kuma daga nan katangarsa take yin ƙaranci a sahun ƙasar Vindolanda, duk da cewa sojoji sun ci gaba da zama a wurin har bayan shekara ta 400.